Tiren Ya Fanna

Gomari, Maiduguri
Watan Mayu

Zuwa ga Yayata Saude,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Alhaji da yara. Yaya kunnen? Tun da ya ƙi jin waya kin mai da ni 'yar firamare, ga ni da biro da takarda, ina bin direbobin Kano a tasha ina roƙo. Allah Ya ƙara sauƙi.

Na ga kin sake tayar da maganar nan, wai me nake jira a Borno tun da maigidana Mahmud ya rasu, ɗana Hisham kuma yana jami'a a Zariya. Ba zan ɓoye miki ba, gidan ya yi mini girma. Idan jirgi ya wuce ta saman rufi ya yi ƙararsa ya gama, shirun da ke biyo baya har kunne yake toshewa. Amma kada ki ce ba ni da kowa, ina da mutanen tara.

Kin san ni ce mai kula da laburaren makarantarmu ta 'yan mata a Mafoni, kuma duk makarantar nan ne kaɗai fanka take juyawa da gaske. To da an tashi tara, malamai mata sai su cika mini ɗaki. Ya Fanna, mai koyar da lissafi, ita ce uwar tafiya. Takan shigo da tire a ka tana cewa, "Afuno, ture takardun nan naki, abinci ya zo." Afuno shi ne Bahaushe a bakinsu, ita kuwa ta mai da shi sunana. Madam Hope ta Ingilishi ta kawo yaji, Halimatu Sadiya ta baje kwalaben humrarta a kan tebur, mu shimfiɗa tabarma tsakanin kantoci mu sa hannu a burabisko. Ya Fannar nan ce ta yi ta yi mini sintiri lokacin takaba, ta hau Keke Napep tun daga Mafoni da kwano a cinya. Wallahi Yaya, akwai ranar da in ba don taran nan ba, ba na jin zan buɗe baki in yi magana da ɗan Adam.

Wani sabon labari kuma, an sa sunana cikin masu zuwa bita ta masu kula da laburaren makarantu, duk Asabar. Na je da niyyar in sha lemo in karɓi takardar shaida. Sai mai koyar da mu, Malama Nasiha, wata 'yar siririya mai sanyin murya, ta tambaye mu wane lokaci ne ɗaliba za ta iya shiga laburare da ƙafarta, ba malami ne ya kora ta ba. Ni da rawar kai na ɗaga hannu na ce lokacin tara. Ta ce madalla, to wa ke cikin ɗakin a lokacin? Yaya, sai na tuna mu ne a ciki da tirenmu, na sauke hannuna.

Ki gaida kowa da kowa.

Taki ƙanwa,
Raudatu

Gomari
Watan Yuni

Yaya Saude,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan ciwon ƙafar Alhaji ya lafa, kuma ruwa ya sauka a wajenku. Mu nan sai hadari ya haɗu ya watse.

Tambayar matar nan ta hana ni sakat. Na fara lura da taga muna cikin cin abinci. Ashe kullum sai 'yan mata sun zo, su leƙo, su ga malamansu hannu dumu-dumu da miya, su juya sumui-sumui. Wace 'yar mutunci ce za ta tsallake tabarmar malamanta suna ci don ta ɗauki littafi? Ni kuwa shekara da shekaru ina zagin 'ya'yan zamani, wai ba sa son karatu.

Malama Nasiha ta ce mana mai laburare ba mai gadin kantoci ba ne, shugaba ne, kuma shugaba shi ne wanda zai faɗi abin da ba a son ji, ya faɗe shi a gaban mutum. Faɗa da baki ai da sauƙi. Na yi ta kewaye-kewaye, na ce fankar ta fara ƙara, na ce ɓeraye sun dame mu saboda ɓurɓushin abinci. Ya Fanna ta ce za ta kawo mini kyanwa.

Ranar Talata dai na rufe ido na faɗa. Na ce musu ina so daga mako mai zuwa a bar wa ɗalibai ɗakin a lokacin tara. Kuma kin san a ina na faɗa? Hannuna na cikin tirenta, lomar ma ban haɗiye ba. Madam Hope ta yi dariya, ta zaci wasa ne. Ya Fanna ta dube ni ta daɗe, ta tsame hannunta, ta ce, "To, Malama Raudatu, ɗakinki ne." Malama Raudatu fa! Da ta zage ni da Barbarci ma da ya fi mini sauƙi.

Sun koma gindin darbejiyar da ke bayan ofis, inda ƙudaje suka fi mutane. Ba wanda ya ce kada in je, amma yaya zan je? Idan na kulle ɗakin na bi su, na kore su a banza ke nan.

Rannan ba ɗalibar da ta shigo, washegari ma haka. Ni kaɗai da fanka, ina jiyo dariyarsu daga nesa. Na ci biskit a bayan kanta kamar ɓarauniya, na yi kuka na share da bakin mayafi. Kada ki ce ai kin faɗa mini, na sani.

Ki sa ni a addu'a.

Raudatu

Gomari
Watan Yuli

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarki da ta yara. Kilishi ya iso, Allah Ya saka da alheri. Wasiƙarki ma na karanta, har inda kika ce in je in durƙusa in ba su haƙuri in mayar musu da ɗakinsu, wai littafi ba ya zuwa gaisuwar mutuwa. Gaskiyarki ce, ba ya zuwa. Amma ba zan mayar ba, ko da kuwa zan haɗiyi zuciya.

Yaran sun fara zuwa. Na bi aji-aji na gaya musu, kamar yadda aka koya mana, na sauko da littattafan labarai daga saman kanta zuwa inda hannu zai kai. Yanzu da an kaɗa ƙararrawa har tsere suke yi, tabarmar da muke cin abinci a kai ta cika da su, wasu a tsaye. Wata ta karanta littafi har ƙarshe ta zo tana yi mini faɗa, wai don me aka kashe uwar yarinyar da ke ciki, kamar ni na rubuta. Shugabar makaranta ta yabe ni a gaban asambuli. A wurin bita kuma sun ɗora ni kan masu laburaren makarantun yankinmu, in riƙa zagayawa ina nuna musu. Manyan maza suna ce mini ranki ya daɗe. Na dawo gida da labarin a bakina, na rasa wanda zan ba, sai na gaya wa hoton Mahmud.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Ya Fanna ba ta daina ciyar da ni ba. Kullum zan tarar da ɗan kwano a bakin ƙofa, daga waje, an rufe shi da faifai. Kuma da cokali a ciki! Cokali, Yaya! Ni da muka shekara nawa muna karo da yatsu a tire ɗaya, tana turo mini tsokar nama tana cewa Afuno ba ta iya ci ba, yau ni ake zuba wa daban kamar baƙon da ya zo daga ma'aikatar ilimi. Idan mun haɗu a baranda ta gaishe ni cikakkiyar gaisuwa, har da tambayar Hisham, ta wuce. Ina cin abincin don kada a ce na raina, amma da ƙyar yake wucewa.

Na fara tunanin maganarki ta Kano. Idan zangon nan ya ƙare a haka, wataƙila ki gyara mini ɗakin nan na baya.

Taki,
Raudatu

Gomari
Ƙarshen Yuli

Yaya Saude,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Da fatan kun wayi gari lafiya, ya ruwa? Direba na jira, don haka ki yi haƙuri da rubutun.

Asabar ɗin da ta wuce aka rufe bita. Da aka watse na tsaya na zazzage wa Malama Nasiha cikina, har da cokalin. Ba ta lallashe ni ba. Cewa ta yi ɗakin da ba ya tafiya sai ina tsaye a kansa, ban gama gina shi ba tukuna, in koya wa yaran riƙe shi. Na ji haushi, amma na yi. Na zaɓi manyan 'yan aji shida masu hankali, na nuna musu yadda ake ba da aro da yadda ake mayar da littafi mazauninsa.

Ranar Laraba na bar musu ɗakin, na ɗauki kwanona na nufi gindin darbejiya. Na tarar sun gama, ana wanke hannu. Na zauna a gefen tabarma na cinye abincina da hannu, su suna kallon sama. Da na gama na ajiye wa Ya Fanna cokalinta a gabanta, na ce ban saba da shi ba. Ta ɗauka ta jefa a jaka. Na koma ina cewa shi ke nan, na ƙarasa ɓata abin da ya rage.

Jiya Alhamis da aka tashi tara na duba bakin ƙofa, babu kwano. Na sake dubawa, babu. Yaya, na ce yau kam an yanke ni. Na je taga don kada yara su ga idona.

Suna can gindin bishiya sun kewaye tire, faifai na rufe a kansa, ba wadda ta sa hannu. Madam Hope tana duba agogo. Kusa da Ya Fanna an bar fili a tabarma, daidai zaman mutum ɗaya, ita kuwa ta kau da kai tana korar ƙuda da gefen lafayarta. Can sai ta ɗaga murya, ba tare da ta waiwayo ba, yadda duk makarantar za ta ji, wai a gaya wa Afunon nan abinci ba ya jiran shugabanni.

Na tafi da gudu-gudu, takalmi ɗaya a ƙafa. Burabiskon ya huce, miyar ta yi kauri, na ci ina hawaye tana yi mini faɗa wai zan ƙara masa gishiri.

Ki bar ɗakin baya yadda yake, ki ci gaba da ajiye buhunan masararki a ciki. Ki gaida Alhaji da yara.

Taki ƙanwa har kullum,
Raudatu