Gidan Sauronka Ya Shiga Su

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan makwancinka da sanyi. Na san babu motar da ke kai saƙo inda kake, kuma ko da ranka ma ni nake karanta maka takarda. Wannan dai ni zan rubuta, ni zan karanta.

Albishirinka, mun ci gaba. Gurbin nan na mayo, wato koginmu, bayan Mugulbu, wanda ka tsare da sanda ɗaya da baki ɗaya, yanzu kwamiti guda ke tsaronsa. Muna da sakatare, muna da riguna iri ɗaya masu hoton kifi a ƙirji, ƙaton kifi irin wanda rabonmu da shi tun kana raye. Har allon ƙarfe aka kafa mana a bakin ruwa, an rubuta cewa an hana shiga su lokacin da kifi ke ƙwai. Allo ne mai inganci, Baba. A jikinsa ake shanya raga.

Ni suka ba shugabanci, wai ɗan Sarkin Ruwa ne kuma ya taɓa boko. Kowa ya manta tun ina saurayi na guje wa ruwan nan, na kama rumfar banda a kasuwar Mubi. Na karɓa saboda sunanka. Da rigar kuma, kada in yi maka ƙarya.

Ka tuna dokarka? Duk ragar da yatsunka biyu ba su shiga idonta ba, wuta ce makomarta, don ƙanana su wuce su girma. To ragar da ake yayi yanzu gidan sauro ne. Ruwa ma da ƙyar yake ratsa shi. A ja shi sau ɗaya ya kwaso uwa da 'ya'ya da ƙwai da laka. Karfasa ta koma kamar ɗan yatsa, a mudu ake awonta sai ka ce gero. Tarwaɗar da nake wa kirari a rumfa daga Kamaru take zuwa. Ƙananan kuwa, kar ka tambaye ni wa ke sayensu da safe. Da hantsi ni ɗan kasuwa ne, sai la'asar nake zama shugaba.

Ranar Talata Bitrus, abokin sunka, wanda har yau da awon yatsunka yake saƙa ragarsa, ya zo rumfata da buhu yana ɗigar ruwa. Ya zazzage shi a gabana, a gaban jama'a. Gidan sauro ne ya kama a gurbi. Na fara faɗa irin na shugaba, ina ɗaga shi kowa ya gani, sai idona ya faɗa kan wani faci a kusurwa. Ƙyallen zanen Inna ne. Ita ta ɗinke wurin da maganin sauro ya ƙona lokacin jinyarka.

Naka ne, Baba. Ni na sayo maka shi. A cikinsa ka cika.

Buba ne ya shiga ruwa da shi, autanka. Ambaliya ta cinye masa gona, yara kuma ba su san ambaliya ba, cikinsu suka sani. Inna da hannunta ta ciro shi daga adaka ta ba shi. Miyar da nake santi a ɗakinta kwanakin nan, ashe na san inda ta fito, ban dai so in sani ba.

Jumma'a bayan an sauko masallaci kwamiti zai zauna a bakin ruwa. In na ƙona, me jikokinka za su ci? Inna ba ta yi mini faɗa ba, wannan kawai ta tambaye ni. Kuma me zai hana Buba ya kwance na kan gadon yaransa, su kwana sauro na cinsu? In ban ƙona ba, Bitrus ya rantse shi ma zai kwance nasa, sauran masunta kuma shi suke jira. Kafin wata damina gurbinka sai kwaɗi. Na je in ajiye muƙamin, sakatare ya ce babu mai so, Inna ta ce kujerar ubana ce ba a ajiye ta. A kasuwa na saba, duk cinikin da bai yi mini ba sai in kaɗe riga in wuce. Wannan ina zan wuce?

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Duk ranar da kake ƙona ragar wani, bayan mutane nake laɓewa, ina ganin ka cika tsauri. Amma da na zo kasuwa, da kai nake cika baki. Har yau da sunanka nake sayar da kifin da bai san mayonmu ba.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sada mu da alheri. Ashana tana aljihuna tun Talata, gidan sauron na rataye a bayan rumfa, ya bushe. Tambaya ɗaya zan bar maka. Duk tsawon sarautarka ba ka taɓa ƙona ragar ɗan gida ba. Adalci ne ya yi maka yawa, Baba, ko kuwa kifi ne ya yi yawa a zamaninka?

Ɗanka Hamidu mai banda,
shugaban allon shanya.