Furen Gindin Randa

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa, da addu'ar Allah Ya sa kana cikin rahamarSa. Na san ba za ka karanta wannan ba. Kai da ko kana raye sai an nemo maka tabarau an goge, balle yanzu. Amma magana ce ta tsaya mini a wuya, kuma duk Damba babu wanda zan gaya wa ya gane sai kai.

Furenka ya fito, Malam. Wallahi ya fito.

Bari in bi a hankali, kada in yi irin gaggawar da kake yi mini faɗa a kanta. Gida kowa lafiya. Autarmu Asma'u ta koma ɗakinta a Bungudu tun bayan arba'in. Ƙaninka Bala yana leƙowa daga Tsafe, kuma har yanzu in ya yi tari a zaure sai gabana ya faɗi, don irin naka ne sak.

Ranar da aka kai ka, gidan nan ya cika maƙil. Mata daga Furfuri, daga Kekun Waje, wasu ma ban san su ba. Aka shimfiɗa tabarmi duk inda akwai inuwa, inuwar kuwa ka san inda take, kan ɗan lambunka. Wa zai ce wa mai gaisuwar mutuwa ta ɗaga, akwai shuka a ƙarƙashinta? Sai bayan sadakar bakwai aka naɗe tabarmi, na ga wurin ya koma kamar an yi daɓe. Guda ɗaya tal ya tsira, wanda ka dasa a gindin randa, shi ma don babu mai zama a jiƙaƙƙen yashi.

Ka tuna ranar da abokin aikinka ya dawo daga ƙasar sanyi ya kawo maka irin nan? 'Yan baƙaƙen ƙwayoyi masu sheƙi, ba su kai riɗi ba. Ka ce sunansa kolombayin, na ce harshena ba zai ɗauka ba, na sa masa ɗan mafici saboda ganyensa. Kullum sai na tambaye ka ko ana miya da shi. Ka zuba irin a gwangwanin madara da danshin yashi, ka cusa mini a firji kusa da zoɓona, wai ba ya tsirowa sai ya ji sanyi ya ratsa shi tukuna. Na yi ta mita. Ka tsaya kana yi mini bayani dalla-dalla, ni kuwa ina tankaɗe, kunnena yana kan rediyo.

Shekara da shekaru kana fama. Zafin bazara ya kashe, ka sake shukawa. Ganye kawai yake yi maka, ko fure ɗaya bai taɓa ba ka ba. Duk da haka in ya yi sabon toho sai ka ƙwala mini kira in zo in gani, ni kuma in ce ina zuwa. Sau nawa na zo, Malam? Kai ka sani, ni ma na sani.

Takaba ce ta zaunar da ni gabansa. Ba fita, ba kwalliya, ba wanda zan dafa wa tuwo da marmari. Sai in ja kujera 'yar tsuguno in zauna ina kallon randa tana tsattsafo, yashin yana sha. A haka na gane dalilin da ya sa ka hana a cire ta ko da muka sayi firji. Na fara cika ta kowace safiya. Na lura ranar azahar tana sa shi laushi, na ɗaura masa tsohon buhu ya yi masa rumfa. Na taɓa kwarara masa ruwa don tausayi, ganyen ya soma rawaya, na gane danshi yake so, ba ya son tabki. Ganyen da tsutsa ta yi wa farin zane kuwa, tsinke su nake yi kamar yadda na sha ganin kana yi ta taga. Ashe ina kallonka, ban dai taɓa bari ka sani ba.

Da sanyi ya fara ja baya, sai ga kara biyu sun miƙe daga tsakiya. Wata safiya na fito da bokiti, na same shi a buɗe. Shuɗi ne mai ɗan duhu, bakinsa fari, bayansa da 'yan ƙugiyoyi a lanƙwashe, ya sunkuyar da kai kamar amaryar da aka kawo gaisuwar surukai. Sai da na durƙusa kafin na ga cikinsa. Kafin in ankara na juya wajen ɗakinka na ƙwala maka kira ka zo ka gani. Da ƙarfi, Malam, har maƙwabta suka ji. A ranar na san yadda shirun nan yake ga mai kira, na zauna a yashin na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

To ga abin da ya dame ni. Takaba ta ƙare a makon nan. Yara sun ce ba zan zauna ni kaɗai ba, Bungudu zan koma kusa da Asma'u, Bala kuma ya samo waɗanda za su shiga gidan. Ban musa ba, gaskiyarsu ce. Amma furen ya zube, ya bar 'yan kwanso, kuma har yau kore ne shar, irin bai nuna ba. Na so in tone shi in tafi da shi, sai na tuna ka taɓa cewa saiwarsa guda ce mai zurfi, in ta karye shi ke nan. Wannan kaɗai kunnena ya riƙe.

Asma'u ta ce a ɗora randa a mota, tunda ta mahaifiyata ce, da ita aka kawo ni gidanka. Na ce a bar ta. Ta dube ni kamar na zautu. Zan cika ta fal kafin mu fita, in roƙi matar da za ta shigo, don Allah ta riƙa zuba ruwa. Ko za ta yi, ko za ta ce mini tana zuwa, Allah masani, kuma ba ni da bakin ganin laifinta.

Kara ɗaya na bar masa. Ɗayan na yanke ɗazu, na sa shi a jakar atamfa, kai a ƙasa, ko irin zai ƙarasa nuna a rataye. Na wanke gwangwanin madararka, na ɗebi yashin gindin randa. Komai yana hannuna, abu ɗaya ne babu.

Mako nawa ka ce ya yi a cikin sanyi, Malam? Ka faɗa mini, na san ka faɗa, ina tankaɗe.

Allah Ya jiƙanka, Ya sanyaya makwancinka. Sai na zo, wannan karon da gaske.

Matarka,
Hajara