Maama da Mai Fim

Kampala, Litinin

Yaya Nanyonjo,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar taki, ya yara, ya aikin asibiti? Tunda har yanzu waya ba ta kamawa a tsibirinku, na koma biro, mai jirgin ruwa zai kawo miki.

Maama ta shiga rigima, kuma daɗi take ji. Kin san fim ɗin nan mai dogon zango, wanda Mukiibi yake cinye filin ƴan'uwansa. To, tun da ta yi ritaya take saukar da shi daga wani shafin ɓarayi, ta yanko duk inda Mukiibi ya fito, ta ɗora muryarta da yarenmu na Luganda kamar masu fassara a gidan kallo, ta sa a shafinta na intanet. Sai dai ita ba fassara take yi ba, faɗa take yi. “Dubi tumbinka, mara kunya, ka ci filin marayu kana tafiya kamar agwagwa!” Matan cocinsu sun yi ta tura wa juna, yanzu har a kasuwa tsayar da ita ake yi.

Shekaranjiya mai fim ɗin, wani Ssebunya, ya turo saƙo: ko ta goge komai, ko ya sa a rufe shafinta. Na zaunar da ita na ce doka tana ɗaga ƙafa idan ɗan gutsure aka ɗauka don sharhi, amma ita rabin fim take kwashewa, kuma daga hannun ɓarawo. Ta ce, “Ni na sa ki karatun lauya, shi ne za ki tsaya wa Mukiibi?” Na ce Ssebunya dai. Ta ce duk ɗaya ne.

Ina dariya, amma Yaya, tun rasuwar babanmu Taata ban ga abin da yake tashinta da murna ba sai wannan shafin. Na aika wa mutumin ban haƙuri. Shiru.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Nalubega

Kampala, Asabar

Yaya Nanyonjo,

Da fatan kuna lafiya, ruwan sama bai hana ku sakat ba. Busasshen kifin ya iso, mun gode.

An nuna ƙarshen fim ɗin ran Laraba. A taron naɗa magaji, an yafa wa Mukiibi mayafin ɓawon itace ke nan, sai ga wata gwaggonsa da ba a taɓa gani ba. Ta fizge mayafin a gaban dangi ta ce, “Dubi tumbinka, mara kunya, ka ci filin marayu kana tafiya kamar agwagwa!”

Maama ta ajiye shayinta a hankali. Har fizge mayafin ita ta fara faɗa, a wani bidiyon watan jiya. Ta juyo ta ce, “Lauya, wannan fa me dokarku take kiransa?”

Na sake rubuta wa Ssebunya, wannan karon ba haƙuri. Jiya sai ga shi da kan ayaba da kaza, kamar mai neman aure. Ashe marubutansa ba sa kuskure bidiyonta, can suka kwaso maganar, shi kaɗai ne bai sani ba. Maama ta bar shi yana gumi sai da ta gama tambayar danginsa kaf.

Ga abin da aka tsayar. Shafi yana nan. Sabon fim shi zai riƙa turo mata da hannunsa, ita kuma ta yanki kaɗan, ta ambaci mai shi. Sunanta zai fito a ƙarshen wancan fim ɗin da aka sa maganarta.

Da za ta raka shi ƙofa na ji tana cewa, “Na yafe maka, ɗana. Amma gaba ka riƙa neman izini kafin ka ɗauki kayan mutane. Doka ba wasa ba ce, tambayi ƴata.”

Ki shafa min kan yara.

Ƙanwarki,
Nalubega