Ranar Alhamis Ni Zan Yi Magana

Zuwa ga sanyin idona, inuwata ta tsakar rana, ruwan farkon damina da ya sauka a kan busasshen ƙirjina, abokiyar tafiyata ta shekara hamsin da ɗoriya. Gaisuwa irin ta wanda barci ya ƙaurace wa, abinci ya daina yi masa ɗanɗano.

Masoyiyata, jiya na zo dubiya kika juya fuskarki bango. Na zauna a kujerar robar nan har nas ta zo ta ce lokaci ya yi, ko sannu ba ki ce mini ba. Laifina ɗaya: na goyi bayan likita. Ya ce jijiyar zuciyarki ta toshe, in ba a yi aikin ranar Alhamis ba, ba zai iya yi mana alkawarin komai ba. Ke kuwa kin kafe, kin ce ba mai tsaga ƙirjinki sai kin je zauren hukuma, domin a ranar ne za a yanke ko a sayar da filin ɗakin shan maganin unguwarmu ga mai son gina gidan mai. Tunda kin hana ni kunnenki, ga takarda na ba autarmu ta kawo miki. Ki karanta, don Allah, kafin ki yaga!

Kin tuna ranar da muka fara haɗuwa? Ke sabuwar ungozoma, ni yaron mai gyaran famfo. Bututu ya fashe a ɗakin haihuwa, ruwa har idon sawu, ga mace a kan gwiwa. Kika tsaya a kaina kamar hadarin gabas kika ce, "Malam, in ba ka iya ba ka faɗa!" Na buɗe baki, in'inar da aka haife ni da ita ta shaƙe ni. Sai na sunkuya na ɗaure bututun. Da ruwan ya tsaya kika yi murmushi, kuma wallahi tun daga ranar ban ƙara ganin wata ko tauraro da ya burge ni ba.

Haka muka rayu. Ke ki yi magana, ni in yi aiki, har unguwa ta sa mana suna Baki da Hannu. Shekarar ambaliya, da wata mata ta rasu a kan ƙyauren da muka ɗauko ta saboda asibiti ya yi nisa, wa ya bi gida gida yana ƙwanƙwasa ƙofa? Ke! Kika yi ta magana har mai katako ya ba da katako, mai bulo ya ba da bulo, marowacin nan mai shagon kan kwana ya ba da kwanon rufi yana tsaki, aka gina ɗakin shan maganin nan. Ni na ja ruwa, na kafa famfo. Duk Asabar muna cikin kwata da shebur, maƙwabta na cewa ba mu da aikin yi, har kunya ta sa suka fito su ma. 'Ya'yanmu suna ƙorafi wai gidanmu tasha ce, ba a taɓa cin abinci ba baƙo. Ki dube su yau: babbar tana koyar da manya karatu kyauta, surukinmu ma ya kamu da ciwon namu na yi wa jama'a hidima.

Na san abin da ginin nan yake a wurinki. Amma ya furen zuciyata, ashe gini ya fi ki? Wa zai sa mini ido in sha maganin hawan jini? Wa zai ƙarasa mini zance in harshena ya maƙale? Ina shiga ɗakinmu in ga tabaraunki a kan taga, gyalenki a jikin ƙusa, gefenki na gado a shimfiɗe ba ko lanƙwasa, sai in zauna a bakin gadon. Kwana kaɗan ke nan! To ina ga in aka ce har abada?

Saurari abin da na yi yau da safe. Na je ofishin hukuma na ce a sa sunana cikin masu magana. Magatakardan, wanda ke kika karɓi haihuwarsa, ya ɗago ya ce, "Baba, kai da kanka?" Na daɗe ina kokawa kafin "ni" ta fito. Daga can na wuce shagon tela, na tara shi da mai burodi na gwada jawabina. Na jiƙe sharkaf da gumi. Mai burodi ya ƙunshe dariya har ya ƙware, tela kuwa ya share ido da ƙyallen wani ya ce in sake daga farko. Na sake. Gobe ma zan sake.

Ba zan ɓoye miki ba, tsoro nake ji. Lauyan mai gidan man bakinsa kamar reza, ni kuwa kalma ɗaya sai ta cinye mini numfashi. Wataƙila su yi dariya. Wataƙila mu sha kaye. To, su yi! In sun rushe, akwai wani filin, akwai matasan da kika yi rainonsu, za a sake ɗora bulo a kan bulo. Amma ke, a ina zan samo wata ke?

Ki amince wa likita, hasken gidana. Ki ba ni aron bakinki na yini ɗaya tak. Zan tsaya a gabansu, ba zan zauna ba sai na faɗi sunan matar nan da ta rasu a hannunmu. Daga zauren zan taho kai tsaye ƙofar ɗakin tiyata, in tsaya har ki buɗe ido ki tambaye ni yadda aka yi, ki kuma yi mini faɗa a kan abin da na manta ban faɗa ba.

Autarmu na jiran amsarki a bakin gado. Ko kai kika gyaɗa mata ya ishe ni.

Naki jiya, naki yau, naki har ranar da ƙasa za ta rufe idona,

Tsohonki.