Sunana Ne a Katin

Nazira ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ya jikin Inna, ya yara? An gama yankan gero kuwa? Ni lafiya nake a Amurka, aikin jinyar tsofaffi ne dai ba hutu.

Ƙanwarmu Aina'u ta ce ciwon kanki ya dawo, har idonki yana dishi-dishi. Tun da na ji na kasa cin abinci. A nan mata sun kai kamfanin allurar tazarar haihuwa ta wata uku kotu, suna zargin ta sa musu ƙari a ka. Ban ce shi ke damunki ba, Allah ya kiyaye. Amma ni na ja ki asibiti ranar kasuwar Bagwai, bayan haihuwarki ta shida, na ba da sunana don kada surukanki su sani. Shekara biyar kina kukan ciwon kai, ina ce miki rana ce.

Don Allah ki je Kano a yi miki hoton ƙwaƙwalwa. Ki gaya wa likita gaskiya, ko a gaban mijinki ne. Katin asibitin yana ƙasan akwatin Inna. Sunana ne a jiki, Nazira, amma ke aka yi ta soka wa allurar. Ki yafe min.

Yayarki,
Nuriyya