Idon Wa Ake Buɗewa a Gandun Tsaunin Gauraka?

Zuwa ga Babban Jami'i mai kula da Gandun Dajin Tsaunin Gauraka,

Ranka ya daɗe, a gandun nan naka idon wa ake buɗewa? Na yi wannan tambaya a bakin shingenku, na yi ta a ƙofar ofishinka sau uku, ban samu amsa ba. Shi ya sa na kawo ta gaban jama'a.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da fatan kana lafiya kai da iyali da ma'aikatanka, har da wanda ya ƙwace mini keke.

Sunana Lawal, mutumin Danja. Sana'ata kai kwandon tumatir Funtua a bayan keke. Ban taɓa zama kan bencin makaranta ba. Bokon da nake rubuta maka da shi, a jikin buhun taki da guntayen jaridar da ake naɗe tsire na koye shi. Na faɗa ne tun yanzu don kada ka ga kuskure a rubutuna ka ce maganar ma kuskure ce.

Na ɗaya. Wurin da kuke kira gandu, garinmu ne a da. Unguwar Marke sunansa. An tashi mutanen garin tun ba a haife ni ba, aka ce za a bar wa namun daji. Kakata, Iya Abu, can aka kai ta gidan miji, can kuma aka binne mijin, daf da wata tsamiya da ke ƙofar gidansu. Bayan girbin dawar da ya wuce ciwo ya kwantar da ita. Ba ta iya haɗiye komai sai kunun tsamiya, shi ma kurɓi biyu. Wata safiya ta kira ni da sunan da take tsokanata da shi, ta ce, "Mai gidana, tunda ka iya yawo a kan baƙin ƙarfen nan, je ka duba mini ko abokin takararka na nan inda muka bar shi. Ka tsinko mini tsamiyar ƙofar gida, ta kasuwa ba ta da baki." Abin da ya kai ni dajinku ke nan. Ba nama ba, ba itace ba.

Na biyu. Na ɗaure tabarma da bargo a bayan keke, na ɗauki gari da ƙuli-ƙuli da buta, da adda don share ciyawar kan kushewa. Niyyata in kwana biyu a kufai, in hau tsaunin da ƙafa in hango inda iyayena suka yi noma. Da hantsi na isa shingenku. Babu kowa a wurin sai allo, an rubuta da manyan baƙaƙe: BA A SHIGA SAI MASU YAWON BUƊE IDO. Na karanta sau biyu. Na ce alhamdu lillahi, ni ake nufi. Saurayin da bai taɓa ganin inda aka yanke cibiyar ubansa ba, wa ya fi shi bukatar buɗe ido? Rediyo ma kullum kira take 'yan ƙasa su fita su san ƙasarsu. Na ɗaga sandar shingen na shiga da rana tsaka, kararrawata na ƙara, ba kamar ɓarawo ba.

Na uku. Da azahar na gane tsamiyar daga kwatancen Iya. A inuwarta na tarar da wata mota da ban taɓa ganin irinta ba, ɗaki ne sukutum a kan taya, da gado a ciki, da tagogi masu labule, da kekuna biyu ɗaure a bayanta. Wani Bature ne da matarsa, sun kafa tanti, suna dafa shayi. Duwatsu ukun da suka yi murhu da su, daga kan kushewa suka kwaso su. Na gane saboda ga guraben nan a jere, suna kallon gabas. Da ɗan Turancin da na tsinta na yi musu bayani. Ranka ya daɗe, ba zan yi musu ƙage ba: matar nan ta kashe wutar, ta jira duwatsun suka huce, ta mayar da su da hannunta ɗaya bayan ɗaya. Mijin ya cire hularsa. Suka ba ni shayi, mijin ya riƙe mini reshe na tsinki tsamiya cikin hulata. Ba su san akwai mutane a ƙarƙashin ƙafarsu ba, domin babu wanda ya gaya musu. Ku da kuka sani kuka nuna musu wurin, kuka ce yana da inuwa.

Na huɗu. Ana cikin haka sai ga malamin dajinku a kan babur, wani dogo mai tabo a haɓa, ya ɗauro musu ɗanyen itacen da aka sara a cikin gandun da aka hana sara. Ya durƙusa ya gaishe su, ya juyo ya tambaye ni uban wa ya ba ni izini. Na ce allonku ne. Na ce yawon buɗe ido na zo. Dariyar da ya yi har yau tana kunnena. Ya nuna motar, ya nuna tabarmata, ya ce, "Kai da wane idon? Masu buɗe ido ga su nan. Kai yawon banza ka zo." Na tambaye shi ko nawa idon Allah a liƙe ya halicce shi. Sai ya ce bakina ya fi kekena gudu. Ya ga adda, ya ce ni maharbi ne. Wane maharbi ke zuwa farauta da kararrawa? Baturen ya yi ƙoƙarin sa baki, malamin dajin ya yi ta ce masa kada ya damu, ya san halin mutanen nan. Mutanen nan, wato mu. Ya tasa ni gaba har shinge ina tura keke, ya karɓe shi da addar, har da tsamiyar cikin hula, wai shaida ce. Na ce ya ba ni takarda. Ya ce tunda na iya karatu in rubuta wa kaina.

Da ƙafa na fito titi.

Na biyar. Sau uku ina zuwa ofishinka. Zuwan farko an ce kana rangadi. Na biyu masinja ya ce ba a san da wani keke ba. Na uku aka ce in na sake dawowa za a rubuta sunana cikin ɓarayin daji. To, ranar kasuwar Bakori da ta wuce na ga kekena da idon nan da aka ce ba ni da shi. Jan tuntun da na ɗaura a kan hannunsa na nan, walda a gindin kariyar ɗaukar kaya na nan. Dogo mai tabo ne a kai, ya ɗauro buhun masara. Ni kuwa tumatirina a ka nake kai shi bakin titi, rabi ya ruɓe kafin mota ta tsaya.

Amma ba keken ne ya hana ni haƙura ba. Da na dawo gida ban iya gaya wa Iya gaskiya ba. Na sayi tsamiya a kasuwa, aka dama mata kunu, na ce ta ƙofar gida ce. Ta kurɓa sau ɗaya, ta dube ni, ta sa mini albarka, ta ture ƙoƙon gefe. Ba ta sake tambayata labarin kufai ba. Kwana tara bayan haka muka kai ta makwanci. Maganar ƙarshe da na yi da kakata ƙarya ce, kuma ma'aikacinka ne ya sa ta a bakina.

Ga abin da nake nema. A dawo mini da kekena a gaban mai unguwarmu, yadda aka ji an kira ni maharbi a ji an wanke ni. A kewaye kaburburan Unguwar Marke, a daina nuna wa baƙi su yi murhu a kansu. A bar jikokin garin su riƙa ziyara ba sai sun zo da ɗaki a kan taya ba. Tsamiyar kuwa ku riƙe, wadda ta aike ni ba ta bukatarta.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya sa idan taka ta zo a binne ka inda jikokinka za su iya zuwa ba tare da an tare su a shinge ba.

Kada ka aiko masinja, kada ka kira ni bayan ofis. A nan na tambaye ka, a nan za ka amsa, kowa ya karanta: wane ne mai yawon buɗe ido? Idan ɗan Danja a kan keke ba ya ciki, ka faɗa da bakinka, sannan ka sa a ƙara rubuta shi a jikin allon, don wani mai koyon karatu irina kada ya sake ɗauka da shi ake.

Wassalam.

Lawal mai tumatir,
Danja.