Yayana da Awa Ɗayarsa

Anti, ki taimake ni kafin in yi wa yayana rashin kunyar da dangi za su daɗe suna labarinta.

Mu biyu Mama ta haifa. Shi aiki ya kai shi wani gari, ni kuwa ina nan tare da ita, ina ɗinki a shagon ƙofar gida. Ranar da zai tafi ya dafa kafaɗarta ya ce kada ta damu, tsakanin filin jirginsu da namu awa ɗaya ce kacal, ko atishawa ta yi zai iso. To Anti, tun daga ranar Mama ta yi atishawa, ta yi tari, ta zame a banɗaki, an yi mata aikin ido, amma ko ƙeyarsa ba mu gani ba.

Ni ce mai kai ta asibiti, ni ce mai tuna maganin hawan jini, ni ce mai shan faɗa idan na rage gishiri. Ɗinkin mutane ya yi tsibi a kan tebur, har wata amarya ta kwashe kayanta ta yi gaba. Shi kuwa gogan sai ya kira a bidiyo, fuska sai sheƙi, ya turo hoton taswira da ɗan jirgi a kai, wai mu ga kusa ne. Kai jama'a! Abin da ya fi ƙona min rai, Mama ta hau ta zauna. Duk jirgin da ya wuce ta saman gidanmu sai ta ce a share ɗakinsa. Na share ɗakin nan har tsintsiya ta ƙare.

Wallahi na gaji. Kuma ina tsoron ranar da zai zo ya tarar babu mai cewa a share. Yaya zan yi?

Autar Mama

*

Autar Mama, sannu da ƙoƙari.

Bari in fara yi wa yayanki adalci, ko da ba ki so. Awa ɗayar nan a sama take. Kafin ya nemi izini a wurin aiki, ya keta cunkoso, ya bi layi a laluba shi, ya zauna jiran jirgin da bai san kunyar makara ba, yini ya tafi. Sai dai wannan uzurin mako ne, ba na shekaru ba.

Ki daina jiransa. Jirgin da zai iya kawo shi zai iya kai Mama. Ki tambayi likita ko za ta iya tafiyar, ki ji ta bakinta ita ma. Sannan ki kira shi, ban da tsiwa, ki ce tunda kusa ne ya yanko tikiti, Mama za ta yi masa wata biyu. A filin jirgi akwai keken tura tsofaffi, ke dai ki haɗa mata magungunanta.

Idan ya fara kame-kame, wai tafiyar da wahala, to ya ƙaryata kansa da bakinsa. Nan take ki miƙa wa Mama wayar, ya sa mata ranar zuwa tana kallon idonsa.

Ke kuma ki rufe shago ki yi barci, kin ci hutu. Ko ta je ko ya zo, kada watan nan ya ƙare ba ta riƙe hannunsa ba. Allah ya ƙara mata lafiya, ya yi miki albarka.